Man shafawa na 'ƙwayoyin tushe': Me ke cikin kwalbar, kuma yana hana tsufa?

A 'yan shekarun nan wani sabon nau'in kayan shafe-shafe ya shigo kasuwannin arewacin Najeriya, wanda masu tallarsa ke cewa yana share tamoji, yana mai da tsohuwa yarinya.

Akasari yakan zo ne a 'yar ƙaramar kwalba mai bakin ɗiga, ana kiransa siram. A jikin kwalbar akan rubuta da Turanci cewa yana ɗauke da "stem cell", wato ƙwayoyin halitta na tushe, ko kuma haruffan EGF, sunan ɗaya daga cikin sinadaran da ke sa fata girma.

Ba a manyan birane kaɗai ake cin karo da tallarsa ba. Mace a Birnin Kudu ko Gwaram da ke kudancin jihar Jigawa za ta iya ganinsa a WhatsApp ko TikTok, ta tura kuɗi ta waya, a saka mata shi a motar haya daga Kano, mai tazarar kimanin kilomita 130 daga Birnin Kudu.

Ilimin da ake jingina tallar da shi na gaske ne, har ya samar da lambobin yabo na Nobel. Sai dai akwai tazara mai nisa tsakanin abin da ke faruwa a ɗakin bincike da abin da ke cikin kwalbar.

Mene ne ƙwayoyin tushe?

Jikin ɗan Adam ya haɗu ne daga ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kowace da aikinta: akwai na jini, da na ƙashi, da na fata.

Ƙwayoyin tushe su ne iri da jiki ke ajiyewa. Suna iya haifar irinsu, suna kuma iya rikiɗa su zama wani nau'in ƙwayar da jiki ke buƙata. Su ne ke sa ɓargo ya ci gaba da samar da jini har ƙarshen rayuwa, su ne kuma ke sabunta saman fata cikin kusan mako huɗu.

Wasu masana biyu a birnin Toronto na ƙasar Kanada, James Till da Ernest McCulloch, su ne suka tabbatar da wanzuwar irin waɗannan ƙwayoyi a ɓargon ɓeraye a 1961. A 1998 James Thomson na jami'ar Wisconsin a Amurka ya raini ƙwayoyin tushe na ɗan tayin mutum a ɗakin bincike. A 2006 kuma Shinya Yamanaka na ƙasar Japan ya gano yadda za a mayar da ƙwayar halitta da ta riga ta girma ta koma ta tushe, aikin da ya sa ya samu lambar Nobel a 2012.

Amfanin da aka fi sani shi ne dashen ɓargo. A Najeriya an yi na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, inda aka yi wa wani yaro mai ciwon sikila.

A fannin fata ma an ga abin al'ajabi. A 2015 likitoci a birnin Bochum na Jamus, tare da masana daga Italiya, sun sake wa wani yaro ɗan gudun hijirar Siriya kimanin kashi 80 cikin ɗari na fatar jikinsa, bayan wata cutar gado ta saɓule ta. An ɗebi ƙwayoyin tushe daga 'yar fatar da ta rage masa, aka gyara su, aka raine su, sannan aka dasa masa.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan ayyuka an yi su ne da ƙwayoyi masu rai, a asibiti, a ƙarƙashin kulawar ƙwararru.

Sinadaran girma fa?

Ƙwayoyin halitta suna aika wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai na furotin. Idan mutum ya yanke, waɗannan sinadarai ne ke umartar ƙwayoyin da ke gefen raunin su hayayyafa su rufe shi, su kuma samar da kolajin, wato zaren da ke riƙe fata ya ba ta ƙarfi.

Rita Levi-Montalcini 'yar Italiya ce ta gano na farko a shekarun 1950, mai sa jijiyoyi girma. Abokin aikinta Stanley Cohen na Amurka ya lura cewa idan aka yi wa jariran ɓeraye allurar wani ruwa da aka tatso daga inda manyansu ke samar da yawu, idanunsu kan buɗe da wuri, haƙoransu su fito kafin lokaci. A 1962 ya ware sinadarin da ke jawo hakan, shi ne EGF. Su biyun sun raba lambar Nobel a 1986.

Daga baya an mayar da wasu daga cikin waɗannan sinadarai magani. A 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wani mai suna Regranex don gyambon ƙafa na masu ciwon suga. Ƙasar Kuba ma tana da nata na allura mai ɗauke da EGF, wanda ake kira Heberprot-P, don irin wannan gyambo.

Daga nan ne kamfanonin kayan kwalliya suka ɗauko dabarar. Lissafinsu shi ne, tun da sinadarin yana gyara rauni, ai zai gyara fatar da shekaru suka yamutsa.

To me ke cikin kwalbar?

Babu ƙwayar tushe mai rai a cikin kowane man shafawa. Ƙwayar halitta tana buƙatar abinci da iska da ɗumi daidai gwargwado, ba ta iya rayuwa a cikin mai da turare da sinadaran hana ruɓewa. Abin da ake zubawa a kwalba yakan zama ɗaya daga cikin abubuwa uku.

Na farko, kuma wanda ya fi yawa, shi ne ruwan da aka tatso daga ƙwayoyin tsirrai. Kamfanin Mibelle Biochemistry na ƙasar Suwizalan ne ya yi fice da shi a 2008, lokacin da ya fito da wani sinadari daga wani tsohon irin tuffa mai suna Uttwiler Spätlauber, wanda aka sani da daɗewa a ajiye ba tare da ya yanƙwane ba. Ana rainon ƙwayoyin tuffar a cikin tanki, a farfasa su, a kwashi ruwan.

Tsirrai kam suna da ƙwayoyin tushe, shi ya sa ake saran reshen zogale a dasa ya tsiro. Amma ƙwayar tuffa ba za ta taɓa zama fatar mutum ba, balle wadda aka riga aka farfasa. Iyakar abin da ruwan ke iya kawowa shi ne wasu sinadarai masu rage lahanin rana da gurɓatacciyar iska, irin waɗanda ake samu a 'ya'yan itatuwa da dama.

Na biyu shi ne ruwan da aka raini ƙwayoyin halittar ɗan Adam a cikinsa. Idan ƙwayoyin suka zauna a ruwan, sukan saki sinadaran girma iri-iri, sai a tace su a ɗauki ruwan. Kamfanin SkinMedica na Amurka ya shahara da wani siram mai suna TNS, wanda asalin ƙwayoyin da ake yinsa da su daga fatar kaciyar jariri ne. Wasu kamfanonin kuma suna amfani da ƙwayoyin kitsen jiki ko na cibiya.

Na uku shi ne sinadarin girma da aka ƙera ba tare da taɓa jikin mutum ba, ta hanyar dasa umarnin yinsa a jikin ƙwayoyin bakteriya, ko yis, ko wani tsiro. Kamfanin Bioeffect na ƙasar Aisilan yana noma nasa EGF ɗin ne a jikin sha'ir.

Shin yana ratsa fata?

Wannan ita ce babbar matsalar. An halicci fata ne don ta tare abin da ke waje. Samanta busassun ƙwayoyi ne da aka jera kamar tubali, kitse na liƙe da su kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasa.

A shekarar 2000 wasu likitocin fata biyu a birnin Amsterdam na ƙasar Holan suka wallafa wata ƙa'ida da har yau ake aiki da ita, cewa da wuya sinadarin da nauyin ƙwayarsa ya haura dalton 500 ya ratsa lafiyayyar fata. Dalton shi ne ma'aunin da masana ke auna nauyin ƙwayar sinadari da shi.

Nauyin EGF ya kai kimanin dalton dubu 6, wato ya ninka wannan iyaka fiye da sau goma, wasu 'yan uwansa ma sun fi shi girma. Kamar a zuba wake a rariyar tankaɗe ne a jira ya wuce.

A kan gyambo ba a samun wannan cikas, domin fatar a buɗe take. Wannan ne ya sa nasarar da aka samu a kan rauni ba ta isa hujja a kan lafiyayyar fuska ba. Masu goyon bayan siram ɗin suna cewa kaɗan daga cikinsa na iya shiga ta kafofin gashi da na gumi, ko kuma ya aika saƙo daga sama zuwa ƙasan fata, kuma masana na ci gaba da muhawara a kan haka.

Me bincike ya nuna?

An yi gwaje-gwaje da dama da suka nuna ɗan sauƙin tamoji da laushin fata, musamman da siram nau'i na biyu da na uku. Amma akasarinsu ƙanana ne, na ɗan gajeren lokaci, kuma kamfanonin da ke sayar da kayan ne ke ɗaukar nauyinsu.

Alal misali, binciken farko da ya tallata TNS, wanda aka wallafa a 2003, an yi shi ne a kan mutum 14 na tsawon kwana 60. Na ruwan tuffa kuwa, kamfanin ne da kansa ya gwada shi a kan mutum 20 na tsawon mako huɗu.

Wani abin da ke rikita lissafi shi ne, duk man da ke riƙe danshi yakan sa ƙananan tamoji su lafa na ɗan lokaci. Siram kan ƙunshi gilisarin da makamantansa, don haka da wuya a tantance ko sinadarin mai tsada ne ya yi aikin ko mai arahar.

A Amurka hukumar FDA ba ta tantance kayan kwalliya kafin a kai su kasuwa kamar yadda take yi wa magani. Idan kamfani ya yi iƙirarin cewa mansa yana sauya yadda jiki ke aiki, to a doka ya zama magani, sai ya kawo hujja. Shi ya sa manyan kamfanoni ke taka-tsantsan, su rubuta cewa man yana rage "alamun" tamoji. Tarayyar Turai kuma ta haramta saka ƙwayoyin halitta ko wani abu da aka samo daga jikin mutum a kayan kwalliya baki ɗaya.

Daga kamfani zuwa Birnin Kudu

Ko da siram ɗin na asali ne, akwai batun hanya. Furotin ba ya jure zafi, kamar yadda farin ƙwai ke sauyawa idan ya ji wuta. A watannin Afrilu da Mayu zafi a Jigawa yakan haura maki 40 a ma'aunin salshiyos. Kwalbar da ta kwana a shagon kwano a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ta wuni a bayan mota, sannan ta zauna a rumfa a Birnin Kudu ko kasuwar Sara da ke ƙaramar hukumar Gwaram, da wuya sinadarin da ke cikinta ya kai labari.

Sai batun farashi. Fitattun siram na sinadaran girma a Amurka ana sayar da kwalba ɗaya a kan fiye da dala 200, kuɗin da ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka amince da shi a 2024 sau uku ko fiye. Idan aka ga kwalba mai irin wannan suna a kan 'yan dubban naira, ya kamata mai saye ya yi tunani.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne abin da ba a rubuta a jikin kwalba ba. Mai sayarwa ya san cewa idan ba a ga sauyi da wuri ba, ba za a dawo ba, kuma hanya mafi sauƙi ta nuna sauyi cikin mako biyu ita ce zuba sinadaran bilicin, musamman a mayukan haɗi da ake ɗurawa a roba ba tare da sunan kamfani ba.

Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ambata cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da mayukan ƙara hasken fata. Dokokin hukumar NAFDAC na 2019 sun haramta saka sinadarin makuri, wato zaiba, da magungunan sitiroyid a kayan shafawa, sun kuma taƙaita sinadarin haidurokwinon a kan kashi 2 cikin ɗari. A 2023 shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya da ke buƙatar ɗaukin gaggawa.

Sitiroyid yana sirantar da fata, ya kawo nankarwa da ƙuraje, ya sa rauni ya ƙi warkewa. Haidurokwinon idan an daɗe ana shafawa yakan bar baƙin tabo mai wuyar fita a kunci. Zaiba kuma tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana iya kaiwa ga ɗan da ke ciki. Ke nan wadda ta sayi mai don gudun tsufa za ta iya wayar gari da fatar da ta fi shekarunta.

Na allura da na sha

Saboda matsalar ratsa fata, wasu wuraren gyaran jiki suna tsattsaga fuska da ƙananan allurai kafin su shafa siram. Wasu kuma suna ɗibar jinin mutum, su tace ɓangaren da ke da sinadaran girma, su mayar masa a fuska. Da zarar an huda fata, maganar ta tashi daga kwalliya ta koma aikin asibiti.

A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wasu mata uku da suka kamu da ƙwayar cutar HIV bayan an yi musu irin wannan aiki a wani shagon gyaran jiki marar lasisi a jihar New Mexico. A jihar Florida kuma wasu mata uku sun rasa ganinsu, ko mafi yawansa, a 2015, bayan wani wuri ya yi musu allurar ƙwayoyin tushe a ido.

Akwai kuma garin "ƙwayoyin tushe" na cikin 'yar leda, wanda ake zubawa a ƙarƙashin harshe, ake kuma sayarwa ta tsarin kawo mutum a ba ka kamasho. Tushensa shi ne ruwan tuffa da inabi da aka ambata a sama. Babu wani sahihin bincike da ya nuna yana warkar da ciwon suga, ko hawan jini, ko sikila, ko sankara. Mara lafiyar da ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa saboda wannan gari yana wasa ne da ransa.

Matsayin Musulunci

Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa ta tattauna batun ƙwayoyin tushe a zamanta na 17 a birnin Makka cikin watan Disamba na 2003. Ta halatta amfani da su don magani da binciken kimiyya idan tushensu halal ne, kamar daga baligi da yardarsa, ko daga cibiya da mabiyiya da izinin iyaye, ko daga cikin da ya zube da kansa. Ta haramta idan an zubar da ciki ne da gangan ba tare da dalilin da shari'a ta yarda da shi ba.

Hukuncin ya yi magana ne a kan magani da bincike. Don haka wanda ya ga an rubuta cewa siram ɗinsa ya fito daga ƙwayoyin ɗan Adam, ya dace ya nemi fatawar malami kafin ya shafa shi don ado. Na tsirrai ba shi da wannan matsala.

A ɓangaren mai sayarwa kuwa babu saɓani. Ɓoye abin da ke cikin haja, ko jingina mata amfanin da ba ta da shi, algus ne, kuma shari'a ta hana.

Abin da aka tabbatar yana taimakawa

Kolajin da ke fata yana raguwa da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari a kowace shekara bayan mutum ya girma, raguwar kuma tana ƙara sauri ga mata a shekarun farko bayan ɗaukewar jinin al'ada. Babu man da ke tsayar da wannan. Abin da ake iya ragewa shi ne ɓarnar da ke zuwa daga waje.

Rana ce kan gaba. A wani bincike da aka yi a garin Nambour na ƙasar Ostireliya a kan mutum 903 na tsawon shekara huɗu da rabi, wanda aka wallafa a 2013, waɗanda suka riƙa shafa man kariya daga rana kullum sun nuna ƙarancin tsufan fata da kashi 24 cikin ɗari. Fararen fata ne akasarin waɗanda aka gwada. Baƙar fata tana da garkuwarta ta halitta, shi ya sa tamoji ke jinkirin fitowa, amma rana tana bar mata tabo da rashin daidaiton launi. Inuwa da lema da mayafi, da malafar da manomi ke sawa a gona, duk kariya ne. Mai bilicin kuwa ta cire garkuwar da hannunta.

Sai sinadaran dangin bitamin A, musamman tiretinoyin, wanda wani gwaji a jami'ar Michigan ya nuna amfaninsa a kan tamoji a 1988, hukumar FDA kuma ta amince da shi don haka a 1995. Magani ne da likita ke rubutawa, yana iya sa fata ja da ɓawo, kuma an hana mai ciki ko mai neman haihuwa.

Game da bushewar fata a lokacin hunturu, man kaɗanya da basilin suna tare danshi sosai, kuma kuɗinsu bai kai ko kusa da na siram ba. Barin shan taba ma yana daga cikin abubuwan da aka tabbatar.

Kafin a saya

A duba ko akwai lambar rajistar NAFDAC, da sunan kamfani da adireshinsa, da ranar da kayan zai lalace. Ya kamata a sani cewa lambar rajista ba shaida ba ce cewa man yana hana tsufa, kuma masu jabu sukan buga ta ƙarya. Hukumar tana da ofishi a Dutse inda ake iya kai ƙorafi.

A guji duk man da ba a jera abubuwan da ke cikinsa ba, da wanda ke alƙawarin sauya launi cikin 'yan kwanaki. A fara gwada sabon mai a cikin damtse na kwana biyu ko uku kafin a kai shi fuska.

Wanda ya ga ƙaiƙayi, ko kumburi, ko tabo, ko sirancewar fata bayan amfani da wani mai, ya tafi da kwalbar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko asibiti mafi kusa. Idan ya daɗe yana shafa mai ɗauke da sitiroyid, likita ne zai tsara masa yadda zai daina a hankali, domin yankewa farat ɗaya na iya sa fatar ta ƙara rikicewa. Idan akwai buƙatar ƙwararren likitan fata, akan tura mutum Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.